Tururin da Sadiƙ Yake Dubawa

Laraba da dare, unguwar Dokki

Ɗana Sadiƙ ya kira daga jirgin ruwan yaƙinsu mai ɗaukar jiragen sama, yau suka ratsa mashigin ruwan Suez. Ga shi kusa, amma ba damar ganinsa.

Ya ce, "Umma, kin san na'urar da ke cilla jiragen sama da ƙarfin tururi? Jiya ina dubawa na ji bututu yana huci. Na rufe tururin, na sa kwaɗo, ba wanda ya tashi sai da aka gyara."

Na ce, "Ba ka dai ƙone ba?"

"Hannu ne kawai, ma'alish, ba komai."

Ban gaya wa babansa ba. Bayan na idar da sallah, har matuƙin da ya fara tashi bayan gyaran na sa a addu'a. Shi ma yana da uwa.