Wankin da Ba Nawa Ba

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya ƙafar Baba? Auta ta daina fashin makaranta?

Ina lafiya, hannuwana ne kawai suka ɗan tsattsage, kada ki gaya wa Baba. Har yanzu ina ɗakin wanki na asibiti. Zanen gado mai jini ba ya ƙarewa. In jiƙa, in cuɗa, in shanya, gobe ga wani tuli.

Ran Lahadi fasto ya ce jinin Ɗan Rago ya wanke zunubanmu tas. Dariya ta kusa kuɓuce mini, ni da jini ya hana sakat! Sai kuma hawaye. Ashe akwai wankin da aka gama sau ɗaya, ba a jira hannuna ba.

Ki sa ni a addu'a, na gaji.

'Yarki