Minti Biyar na Ƙarshen Wanzami

3 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwar da ladabi ya tilasta mini. Yau shekara talatin da ɗaya cif da ka danna jan maɓallin bidiyona, ka ɗora wasan ƙwallo a kan minti biyar na ƙarshen labarin wanzamin nan. Wasan ma canjaras aka tashi.

An ce 'yarka ta samo shirin a waya, har kuna shirin kawo mini. Na san ka manta shi, kanka bai taɓa riƙe komai ba sai hula. Shirin talabijin ne na labaran al'ajabi, baƙi da fari, kowane mako da sabon labari. Wanzami ne, duk wanda ya yi wa aski sai shekara guda ta sauka daga kan mutumin ta hau kansa. Ya tsufa tukuf, hannu na rawa, sai aka turo ƙofar shago. Daga nan sai ƙatti ashirin da biyu cikin gajeren wando.

Ni da na karanta littattafan da ko ɗaga su ba za ka iya ba, na ce Mutuwa ce ta shigo. Matata marigayiya ta ce uwarsa ce, ta zo ta karɓi askar ta yi masa askin da kanta. Kullum a bakin akushi muna wannan musu, har Allah ya karɓi abarsa. Ku riƙe wayarku.

Na bar ka lafiya,
Yayanka

11 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, tunda baki dai ras yake.

Yaya, ni mai gyaran rediyo ne. A ce ni ban san jan maɓalli ba? Tunda Anti ta riga mu gidan gaskiya, bari in sauke kayan. Ran nan kana ofis, ta kasa haƙuri ta kalli kaset ɗin har ƙarshe. Ta zo mayar da shi baya don kada ka gane, ta laluba ta danna ja. Na shigo na tarar da ita tana salati, ƙwallo na ta shiga. Ta ce, "Auta, rufa mini asiri, kai in ya yi fushi da kai kwana biyu zai huce." Na ce to, Anti. Kwana biyun ne har yau ba su cika ba.

'Yar tawa, wadda kai ma 'yarka ce, za ta zo da wayar ran Asabar. Ka kore ta in ka iya, halinka ta ɗauko.

A huta lafiya,
Ƙanenka Auta

16 ga Maris

Auta,

Ina gaisuwa, wannan karon da son raina.

Na kalla. Uwarsa ce. Ta zaunar da shi a kujera, tana aski yana komawa yaro, ita tana rankwafawa. Yarinyar ta ce na yi kuka. Fanka ce ta kaɗo mini wani abu a ido.

Wato baiwar Allah nan ta ga amsa tun farko, ta zauna tana zuba mini miya, tana cewa, "Malam, hasashe ne kawai irin namu na marasa ilimi." Ni kuwa ina kawo mata hujja daga littattafai. Allah ya jiƙanta, macuciya. Yau da safe na juya zan ce mata ta ci, sai kujera.

Ka zo ran Lahadi, rediyona ya lalace. In bai lalace ba zan lalata shi kafin ka iso.

Minti biyar dai na gan su. Shekara talatin da ɗayan kuwa na sa yarinyar ta duba mini a wayar, ta ce babu su.

Yayanka