Tsagen Kaka Ɗantala

Zuwa ga Zaituna, a Agiye.

Bayan gaisuwa, ki gaida Innarki.

Direba ya kawo mini zanen kakanki Ɗantala da na ba ki aro don ki kwaikwaya ki koyi fentin ruwa. Na buɗe na duba. Ina tsagen kumatunsa? Sun narke, fuskar ta koma kamar an watsa mata kunu. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, wannan zanen kaɗai ya rage mana, kuma da tsagen nan ake gane gidanmu a duk Gobir. Na ce ki jingine shi ki riƙa kallo da ido. Me kika yi masa? Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma son ganin naki kwaikwayon.

Kawunki, Sanda, Tibiri.

Zuwa ga Kawu Sanda.

Ina gaisuwa da ladabi, ya jikinka?

Kawu, ni ma raina a ɓace yake. Riga da hula sun fito yadda ka koya mini: launi mai haske tukuna, a jira ya bushe, a ƙara mai duhu. Tsagen ne suka ƙi. Na tambaye ka a waya yadda suke tafiya, ka ce wadda ba ta san tsagen gidansu ba ta ajiye buroshi. To ina zan san su? Ba ku yi mana ba, kun ce zamani ya wuce. Shi ya sa na ɗora takardata a kan zanen in bi layin, ashe da sauran danshi a jikinta. Na yi kuka har Inna ta yi mini tsawa. Laifina ne, amma da ka amsa mini da ba a kai nan ba.

Ka huta lafiya. 'Yarka, Zaituna.

Zaituna,

Gaisuwa. Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce.

Ki hau mota ranar kasuwa, ki zo da fentinki da busasshiyar takarda. Wanzamin da ya yi wa Baba tsage, ɗansa ne ya yi mini, iri ɗaya ne sak. Zan zauna miki a ƙofar gida ki kalli fuskata har ki iya. Kada ki daɗe, ni kaɗai na rage da su.

Allah ya kawo ki lafiya.

Sanda.