Sakamakon Gwajin Rijiyarmu

Zuwa ga ƙanena Lotfi,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Sonia da yara kuna lafiya a Lyon, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, an gama tsinkar zaitun, 'yata Ons ta shiga aji uku. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Maganar ɗaukaka ƙara ce ta sa na rubuto, kuma raina a ɓace yake. Ka san tun da ƙodar Inna ta lalace nake bin hukumar lardi su ba ni sakamakon gwajin da suka yi wa rijiyar garinmu bayan buɗe masana'antar jimar fata. Suka hana. Na kai su kotu, kotu ta goya musu baya, wai sirrin kasuwancin masana'anta ne. Ruwan da muke zubawa a cikinmu fa, Lotfi!

Takardar hukuncin ta iso ranar sadakar uku, ana ta rabon kuskus. Baffa Monji ne ya sa hannu ya karɓa, ya cusa a aljihu. Bai ba ni ba sai bayan arba'in, wai ba a shigo da zancen kotu gidan makoki, me mutane za su ce. Alhali wa'adin ɗaukaka ƙara kwana talatin ne. Duk da haka na hau mota har Tunis tare da lauyata Sihem. Alƙali ya yi min ta'aziyya, wallahi har da dafa ƙirji, sannan ya ce lokaci ya wuce, ya kori ƙarar. Ko sau ɗaya ba a ambaci ruwa ba.

Na dawo na tarar da Baffa yana kurɓar shayinsa. Ya ce shi mutuncin marigayiya ya kare, in bar wa Allah. Na tashi na ba shi wuri don kada zumunci ya yanke. Sihem ta ce sai dai wani ya sake neman sakamakon daga farko da sunansa. Kai nake roƙo, kuma kada ka ce min aiki ya yi maka yawa, ba ni kaɗai Inna ta haifa ba.

Ka gaida Sonia da Aziz da Malak. Baffa ma ya ce a gaishe ka, to na isar. Yau da safe Ons ta tambaye ni, kofi a hannunta, ko ruwan nan ne ya kashe kakarta. Na ce mata ban sani ba. Ta tsaya tana kallona, ni kuwa ba ni da wani ruwan da zan ba ta, sai na ce ta sha kada ta makara.

Yayarka,
Najet