Ƙorafi Kan Littafin Da Aka Kwashe Don Ba Shi Da Hatimin Aro

Daga: Ɗaliba mai lamba 0417, Sashen Nazarin Harsuna
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ɗakin Karatu na Jami'a
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Kwashe littafin kalmomin matuƙa jirgin ruwa daga kanta ta bakwai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Shekara biyu ke nan ina bin salsalar wata tsohuwar kalmar Ingilishi, sunan igiyar ɗaure kaya a jirgin ruwa, wadda masu harshen ma sun manta da ita. Na bi sawunta cikin harsuna uku, daga 'ya zuwa uwa zuwa kaka. Ma'aikatanka suna kirana Mai Kalma Ɗaya, suna tambaya ko na gano ƙauyen kakar tata mu je gaisuwa. Ban taɓa kawo ƙararsu ba.

2. Hujjar da ta haɗa kalmar da kakarta tana shafi na 212 na wani littafi mai jan bango, a rubuce da hannu a gefe. An hana ni aronsa, an hana ni ɗaukar hotonsa, wai ya tsufa. Na bi doka. Da fensir na kwafa, a tsaye, domin babu kujera a wannan lungu.

3. Ranar 2 ga Mayu na tarar da gurbinsa wayam. Mai kula da kantocin ya shaida mini an ba da umurnin kwashe duk littafin da ya shekara goma ba a buga masa hatimin aro ba. Ranka ya daɗe, littafin da kuka hana a ara, ina zai samu hatimin aro? Tun ranar 28 ga Afrilu aka cusa shi a buhu, aka miƙa wa mai sayen tsofaffin takardu.

4. Malamin da zai jarraba ni ranar 30 ga Mayu ya ce rubutun fensirina ba hujja ba ne: babu shafin, babu digiri. Mahaifiyata ta riga ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye mu. Har yau na kasa buɗe baki in faɗa mata.

5. Sau huɗu na zo ofishinka, kullum kana taro. Sakatarenka ya ce in yi haƙuri in zaɓi wata kalma, tunda Ingilishi bai ƙare ba. Ba zan zaɓa ba.

Ba na neman a hukunta kowa, kuma ba kuka na zo yi ba. Roƙona ɗaya ne: a taimaka a faɗa mini inda rumfar mai sayen takardun take kafin a niƙa su. Ba sai an haɗa ni da ɗan rakiya ba. Da hannuna zan zazzage buhunan, ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya gare ka,
(sa hannu)
Ɗaliba mai lamba 0417