Ƙwayar da Na Yi Ta Sayo Miki

Kurciyata, inuwata in rana ta take, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ya ƙugun? Ki yi haƙuri da karkatattun haruffan nan. Ke kika koya mini su da tsufana, ke za ki sha wahalar karanta su.

Akwai maganar da ta daɗe a ƙirjina kamar ƙusar da ta karye cikin katako. Tun yaushe nake cewa ƙwayar nan ta ciwon damuwa tana busar miki da baki? Tun yaushe nake cewa in kin miƙe tsaye jiri na ɗibarki, kina gyangyaɗi da rana tsaka da allura a hannu? Yaran nan suka ce Baba ya cika mita, tsufa ne kawai. Likitan farko ya rubuta ta, ya sallame mu, ban ji ya ce mu dawo ba. Duk sanda ta ƙare sai in kai wa mai kemis tsohon kwalin, in ce irin wannan, ya miƙo. Na yi furfura a kan hanyar shagonsa, shi ma ya yi, bai taɓa tambayata wa ke sha ba.

To me ya hana ni daina sayowa? Ke kin sani. Kin tuna watannin da kika juya wa duniya baya, kina kallon bango, abinci na hucewa a gabanki? Ina shagona ina goge katako, zuciyata tana gida. Sai bayan kin fara shan ta, wani hantsi na ɗago kai na gan ki a bakin ƙofa, fuskarki kamar gona bayan ruwan farko. Kika zauna kan kujerar da ban gama ba, ta karkace, kika ce ko don gurgu na yi ta, kika yi dariya har da hawaye. Wayyo, wannan dariya! Wanda ya ji ta bayan wancan shirun, ta yaya zai yi faɗa da abin da ya dawo masa da ita?

Da mura ta kama ki, hannun da ke miƙo mini ƙwayar shi ya miƙo mini maganin tari. Washegari kika dube ni kamar baƙo, kika zame a banɗaki, kika bugu a ƙugu, aka kwantar da ke a asibiti. Yanzu sabuwar likitar ta ce ba a haɗa biyun nan, balle ga mai shekarunki, ta ce sai an duba bugun zuciyarki, kuma a hankali za a rage ƙwayar, ba a yanke ta rana ɗaya. Da wani ya faɗa mini haka tun ƙafafunki na da ƙarfi, da yau kina nan kina yi mini tsiya.

Babbar 'yarmu ta ce daga asibiti gidanta za ki zarce, wai ba za ta mayar da ke inda ba mai karanta takardar magani ba. Ita da take karantawa, sau nawa ta buɗe kwalin?

Na rage ƙafafun gadonmu. Na kafa sandar riƙewa a bango, daga bakin gado har banɗaki, na goge ta sumul don kada ta soke miki tafin hannu. Kowane kwali zan kai wa likitar ta gani kafin ya shigo gidan nan. In kuma duhun damuwar ya dawo sanda ake rage maganin, wa ya san yadda ake zama da ke a cikinsa in ba ni ba?

Naki ne ni, tauraruwata, har numfashi ya ƙare, ko kin dawo ko ba ki dawo ba. Amma na gaji da jin hukunci daga bakin yara. Na tunkari mai kemis ya sunkuyar da kai, na kira 'yarmu ta kashe waya. Ke ba ki taɓa jin tsorona ba, don haka ke za ki amsa mini, da bakinki: in share ɗakin in jira ki, ko in rufe shi?

Tsohonki kafinta