Shawarar Lauratu ga Ƙanwarta

Kilomita Biyar, Bangui

Ƙanwata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗanki Zayyad. Yaya ƙafar Inna?

Na ga saƙonki kan aikin bankin da kika samu a Douala, kina tambaya ko ki bar Zayyad wajen Inna ki tafi. Ki tafi mana. Ki dube ni. Da rikicin garin nan ya lafa, maigidana Sabi'u ya kwashe shagonsa ya koma Maradi, sai na ba shi 'yarmu Fauziyya tana ƙarama, ni na zauna, don asibitinmu ba shi da wata ungozoma. Yau ni ce shugabar ɗakin haihuwa. Daga unguwar Kokoro har Miskine, duk lungun da na bi sai an gaishe da Mama Lauratu.

Gidan dai ya yi mini girma. Na daina girki, gasasshiyar ayaba nake saye a hanya in ci a tsaye. Amma Fauziyya za ta zo hutu wata mai zuwa, har na sa an yi wa ɗakinta fenti.

Ki gaida Inna.

Yayarki,
Lauratu

Kilomita Biyar, Bangui

Zulaiha ƙanwata,

Ina gaishe ku duka, da fatan Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Idan ba ki riga kin kai Zayyad ba, ki dakata ki karanta wannan.

Fauziyya ta zo, ta koma. Ta fi ni tsawo. Har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, ga ladabi, ga kunya, kamar wadda aka aiko gidan surukai. Gwaggonta Khadija take kira Mama. Ni kuwa ba ta san me za ta kira ni ba, sai ta jira mu haɗa ido sannan ta yi magana.

Na ɗauki hutu saboda ita, amma washegari aka kira ni, wata na zubar da jini. Na tafi, kuma ko yau aka kira zan tafi, matar ta rayu. Da na dawo bayan la'asar na tarar Fauziyya ta share gida, ta zauna ita kaɗai. Ta manta Sango, yaren garin nan, ko ƙofa ba ta iya leƙawa.

Abin da ya fi ci mini rai, wajen wanki na gane ta fara al'ada tun bara. Khadija ce ta zaunar da ita ta koya mata komai. Ni da nake tara 'yan matan unguwa ina koya musu wannan, ko labari ban ji ba. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na fito.

Ki karɓi aikin, Zulaiha, ban janye wannan ba. Amma ki goya ɗanki ki tafi da shi. Ki nemi mai reno, ki sha wahalar, ki ƙi aikin da ya wuce lokacin tashi ko da ran shugabanki zai ɓaci. Na fara horar da ungozomomi biyu, ko na samu in yi azumi a Maradi.

Ranar tafiyar Fauziyya ta yi mini godiyar ɗawainiya. Na roƙe ta ta riƙa kirana duk Juma'a, ta ce to. Jiya Juma'a na dawo daga Masallacin Koudoukou na zauna da waya a cinya har aka kira magariba. Wataƙila karatu ne ya riƙe ta.

Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Lauratu